Fasto, Dattawa da Kuɗin Baiko: Yadda Ake Raba Iko a Ikilisiya

Da yawa daga cikin Kiristocin da ke zaune a Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sukan nufi Sabon Gari ranar Lahadi, domin can ne akasarin majami'un birnin Kano suke. Daga ciki akwai na ECWA, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1954 bayan ta fito daga hannun 'yan mishan na SIM, ƙungiyar da ta kafa asibitin ido na Kano. Majami'a ita ce ginin, ikilisiya kuwa ita ce jama'ar masu bi, kuma a kan wannan bambanci tsarin shugabancin ya ginu.

A ECWA, fasto ba shi ya mallaki ikilisiya ba, majalisar gunduma ce ke turo shi, ita ce kuma ke yi masa canjin wurin aiki, yayin da babbar majalisa ke da mazauni a Jos. Tare da fasto akwai dattawa, wato mazan da membobi ke zaɓa na wani wa'adi, waɗanda ake duba halinsu da yadda suke riƙon gidajensu, bisa sharuɗɗan da Manzo Bulus ya zayyana wa Timoti, ciki har da kada mutum ya zama mai son kuɗi.

Inda ake gane amanar shugaba shi ne wajen baiko, kuɗin da masu sujada ke bayarwa don aikin Ubangiji. Bisa ƙa'ida, ba a barin mutum ɗaya ya ƙirga shi: dattawa kan zauna bayan an tashi, su ware 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari biyar, ma'aji ya karɓa, magatakardan kuɗi ya rubuta, daga baya a karanta wa jama'a rahoto. Tsari ne mai cin lokaci, amma duk inda aka yi masa sakaci, nan gunaguni ke fara tsirowa, ko da ba a ci ko sisi ba.

Sai dai rabon ikon bai kai ko'ina ba. Zumuntar Mata, wadda ake gane 'ya'yanta da anko da kiɗan tulu, ita ce ke ziyarar marasa lafiya, take ɗaukar ɗawainiyar gidan makoki, tana da shugabanninta da asusunta, amma har yanzu ECWA ba ta naɗa mace fasto.