Ruwan Zariya da Bashin Bankuna: Ina Matsayin Ƙungiyoyinmu?

Duk wanda ya fito daga sallar asuba a Kongo ya nufi Tudun Wada ko Gyallesu, da wuya ya yi nisa bai haɗu da 'yan garuwa ba, suna tura kurarsu cike da jarkoki. A gidaje da yawa kuɗin ruwa ya shiga lissafin cefane, kamar gawayi da man girki. Ladanin masallacin unguwa ya san ranar da tankin alwala ya ƙafe, uwargida kuma ta san adadin jarkokin da wanki yake cinyewa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan gari namu yana cikin garuruwan Arewa da aka kashe wa maƙudan kuɗi a kan ruwan sha, kuma kaso mai tsoka na kuɗin rance ne daga bankunan raya ƙasa guda biyu.

An raba aikin ruwan Zariya ne gida huɗu. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki madatsar ruwa ta Galma da ke Ƙaramar Hukumar Kubau. Gwamnatin Jihar Kaduna ta gina matatar da aka tsara za ta riƙa tace lita miliyan 150 a kullum, wadda aka buɗe a 2017. Bankin Musulunci na Raya Ƙasa, mai hedikwata a Jidda, ya sa kimanin dala miliyan 81 domin manyan bututu da tankunan ajiya. Shi kuwa Bankin Raya Afirka da ke Abijan ya amince a 2012 da rancen kimanin dala miliyan 100 domin gyara da faɗaɗa bututun da ke raba ruwa cikin unguwanni, haɗe da ayyukan tsafta. An yi aiki, kuma akwai unguwannin da suka ga ruwa bayan shekaru suna jira. Akwai kuma waɗanda har yau famfonsu ado ne.

Mu lura da kalmar rance. Waɗannan bankuna gwamnatoci suke bai wa bashi. Gwamnatin Tarayya ce take sa hannu ta hanyar Ma'aikatar Kuɗi, bayan Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da shirin ciyo bashi, sannan ta miƙa wa jiha, a riƙa cirewa daga kason jihar na wata-wata. Alƙaluman Ofishin Kula da Basussuka sun daɗe suna nuna cewa, in aka cire Legas, babu jihar da ta kai Kaduna yawan bashin waje. Ke nan yaron da ke haddar izu biyar a makarantar allo ta Ƙofar Doka yau, zai girma ya tarar ana biyan kuɗin bututun da ya bi ta ƙofar gidansu, ko ruwa ya zo ko bai zo ba. A nan ne tambayarmu take: lokacin da ake zana taswirar layukan ruwa, ana zaɓen inda za a fara da inda za a bari sai daga baya, wane kwamitin masallaci ne ya nemi ganin takardun? Wace ƙungiyar ci gaban unguwa ce ta rubuta ta aika?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa hulɗa da irin waɗannan bankuna ita ce a rubuta wasiƙar neman taimako, a haɗa da hoton rufin Islamiyya da iska ta yaye, a aika Jidda. Wasiƙu irin wannan ba su cika samun amsa ba, kuma ba don rowa ba ne. Bankin Musulunci, wanda ya fara aiki a watan Oktoba na 1975, mallakar ƙasashe 57 ne. Nijeriya ta shiga a 2005, yanzu tana cikin manyan masu hannun jari, bankin yana da ofishin shiyya a Abuja, har ma wani ɗan Kano da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, Dakta Mansur Muhtar, ya riƙe muƙamin mataimakin shugabansa. Duk da wannan kusanci, ƙofar da kuɗinsa suke fitowa ta gwamnati ce. Ƙungiya tana shiga ne ta ƙananan ƙofofi, kuma sai ta san inda suke.

Misali mafi kusa da mu yana Kano. Shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar, wanda aka fi sani da KSADP, aiki ne na dala miliyan 95 da Bankin Musulunci ya ɗauki mafi yawansa tare da wani asusu da ya kafa a 2016 da haɗin gwiwar Gidauniyar Gates da wasu ƙasashen Larabawa. Ɓangaren inganta noman hatsi da kayan lambu an damƙa shi ne ga Sasakawa, ƙungiya mai zaman kanta da manoman Arewa suka sani tun shekarun 1990. An ba ta ne domin tana da malaman gona a ƙasa, tana da tarihin aiki a rubuce, tana kuma da littattafan kuɗi da mai bincike zai iya buɗewa. Ƙananan ƙungiyoyin manoma da na mata masu casar shinkafa sun amfana ne ta ƙarƙashinta. Ba mu ce kowace ƙungiyar unguwa za ta zama Sasakawa ba. Amma ƙaramar ƙungiya mai tsari tana iya zama hannun babba, kuma galibi ta haka ake farawa.

Akwai wata ƙofa da bankin ya buɗe wa ƙungiyoyi kai tsaye. A 2019 ya fito da manufarsa ta hulɗa da ƙungiyoyin fararen hula, ya kuma haɗa kai da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya aka kafa dandalin Tadamon a intanet, inda ƙungiya za ta yi rajista, ta samu horo a kan tara gudummawa daga jama'a, wani lokaci kuma ta shiga gasar neman ƙaramin tallafi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da na manyan ayyuka, gasar kuma da zafi. Amfaninsa na gaskiya shi ne yana tilasta wa ƙungiya ta rubuta abin da take yi, nawa ta kashe, mutum nawa suka amfana.

Sai batun da ke hana dattawa da yawa sakin jiki: riba. Tambaya ce mai kyau, bai kamata a yi wa mai yin ta kallon wanda bai waye ba. Bankin Musulunci yana amfani ne da hanyoyin da littattafan fiƙihu suka sani, irin su istisna'i, wato ya sa a gina abu ya sayar wa gwamnati a biya a hankali, da ijara, da murabaha. Idan rance ne tsagwaronsa, yana karɓar kuɗin hidima. Shi kansa bankin ya kai wannan mas'ala gaban Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, wadda a zamanta na birnin Amman a 1986 ta halatta kuɗin hidima matuƙar bai wuce ainihin abin da aka kashe wajen gudanar da rancen ba, ta kuma ce duk abin da ya ɗoru a kai riba ce. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka ba a kan wannan tsari aka gina su ba, ko da yake rancensu ga ƙasashe matalauta mai sauƙi ne ƙwarai. Hukuncin karɓar tallafi daga hannunsu magana ce ta malamai, kuma Kongo ba ta rasa su ba, tunda a nan Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci take. Abin da muke iya faɗa shi ne, bin diddigin kuɗin da aka riga aka ciyo da sunanmu ba ya cikin abin da ake saɓani a kansa.

Wannan bin diddigi shi ne aikin da ya fi dacewa da ƙarfinmu, shi ne kuma muka fi sakaci da shi. Bankin Raya Afirka da Bankin Duniya suna wallafa takardun ayyukansu a shafukansu na intanet: abin da aka yi alkawari, yawan kuɗi, wa'adi, da rahoton kammalawa. Kowane ɗayansu yana da ofishin sauraron koke mai cin gashin kansa, wanda ba ya ƙarƙashin masu gudanar da aikin. Na Bankin Duniya an kafa shi a 1993, na Bankin Afirka a 2004, kuma mutum biyu kacal da aiki ya cutar sun isa su shigar da koke. An gwada wannan a Nijeriya. Bayan rushe gidajen talakawa a unguwar Badiya ta Gabas a Legas a watan Fabrairun 2013, ƙungiyar kare haƙƙi ta SERAC ta kai maganar gaban kwamitin binciken Bankin Duniya, daga bisani gwamnatin jihar ta biya mutanen wasu kuɗi. Masu fafutuka sun ce kuɗin sun yi kaɗan, kuma suna da hujja. Amma da babu takarda, da ko sisi ba a gani ba.

A Arewa ma muna da abin tunawa. Lokacin da gubar dalma ta riƙa kashe yara a Zamfara, matasan da suka kafa shirin Follow The Money a 2012, ƙarƙashin jagorancin Hamzat Lawal, sun matsa lamba har aka saki kuɗin tsabtace garin Bagega. Ba su da banki, ba su da muƙami, sai wayoyin hannu da naci. Jihar Kaduna kanta ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya a 2018, ta kuma samar da manhajar Eyes and Ears domin jama'a su riƙa kai rahoton ayyukan gwamnati. Kayan aiki suna nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa, kuma a wurin waɗannan bankuna abin da ba a rubuta ba kamar ba a faɗa ba ne.

To, mu juyo gida. Ƙungiyoyinmu na addini suna da abin da babu wani ɗan kwangila da zai iya saya: amincewar jama'a. Jama'atu Nasril Islam tun 1962 take, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN tun 1985 take gudanar da makarantu da asibitoci, 'yan agaji kuma suna ko'ina. Amma a matakin unguwa, sau nawa muka ga kwamitin masallaci da kuɗinsa suke aljihun ma'aji, babu rasit, babu rahoton shekara, wanda ya tambaya kuma a ce yana zargin dattijo? Abin kunya ne ga al'ummar da aya mafi tsawo a Littafinta ta sauka a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Babu hukumar da za ta damƙa kuɗi ga ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar CAC a matsayin amintattu ba, ba ta da takardar sashen SCUML mai yaƙi da halatta kuɗin haram, ba ta da asusun banki da mutum biyu ko uku suke sa wa hannu, ba ta kuma da rahoton mai binciken kuɗi na shekaru biyu ko uku.

Abin mamaki, maganin yana bayan katanga. Harabar Kongo, wadda ta faro a matsayin makarantar horar da ma'aikatan En'e tun kafin kafa jami'ar a 1962, ta yaye alƙalai da lauyoyi da akantoci da masana mulki babu iyaka. Ɗalibanta suna sallah a masallatanmu, suna haya a gidajenmu. Ɗalibin shari'a zai iya tsara wa ƙungiya kundin tsarinta, ya rubuta mata takardar neman bayani a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ɗalibin sashen ƙananan hukumomi zai iya karanta rahoton banki mai shafi sittin da Turanci, ya mayar da shi shafi biyu da Hausa a karanta bayan sallar la'asar. Mun fi neman su idan za a tara kuɗin lasifika.

Masu dogon buri kuma su dubi wakafi. Tun 2001 Bankin Musulunci yake da asusun da ke gina shaguna da gidajen haya da makamantansu a kan filayen wakafi, a biya bashin daga kuɗin haya, sauran ya tafi ga marayu ko makaranta. Ayyukan na miliyoyin daloli ne, kuma sharaɗin farko shi ne fili mai cikakkun takardu. Fili nawa bayin Allah suka bayar fi sabilillahi a birnin Zazzau da baki kawai, shaidun suka rasu, magada suka dawo da rigima? Sakkwato ta kafa hukumar zakka da wakafi mai ƙarfi, kuma akwai abin koyo a wurinta.

Wani haɗari ɗaya ba za mu ɓoye ba. Ƙungiyar da ta karɓi kwangilar wayar da kai a cikin aiki, bakinta yakan yi nauyi idan aikin ya lalace. Gara tun farko a raba gari: wasu su yi aiki da kuɗin, wasu su tsaya a waje suna dubawa, kada mutum ɗaya ya zama shugaba a nan, sakatare a can.

Ba sai an jira sabon rance ba. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 a kan dala miliyan 500, Kaduna tana cikin jihohi bakwai na farko, kuma kuɗin gyaran makarantu suna bi ne ta hannun kwamitocin al'umma na kowace makaranta, inda iyaye da masu unguwanni da malaman addini suke da kujera. Kaduna tana kuma cikin jihohi tara na shirin Bankin Musulunci na makarantun Larabci da Turanci. A ɓangaren ruwa kuwa, matasa goma da littafi ɗaya sun isa su zaga daga Kongo zuwa Ƙofar Doka cikin mako guda, layi-layi, su rubuta gidan da bututu ya kai, da ranar ƙarshe da ruwa ya zo, da abin da gidan yake biyan ɗan garuwa a wata. Mai unguwa da liman su sa hannu, kwafi ɗaya ya tafi hukumar ruwa ta jiha, ɗaya ofishin Bankin Musulunci, ɗaya kuma ofishin Bankin Raya Afirka, duka biyun a Abuja.