Shela da rajista: hanyar yaɗa canje-canjen sunayen intanet

1. Matsala

Sunan wuri a intanet, kamar waɗanda ke ƙarewa da .ne na Nijar, yana haɗe da lambar adireshi. Tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, shi ke riƙe da wannan haɗi. Tushensa tambaya da amsa ne: na'ura ta tambaya, uwar garke, watau na'urar da ke ajiye bayanan, ta amsa.

Domin a rage yawan tambayoyi, kowace amsa tana zuwa da wa'adi, wanda ake kira TTL. Idan wa'adin daƙiƙa 86400 ne, mai tambaya yana iya riƙe tsohuwar lamba har kwana guda bayan an canza ta. Idan kuwa aka gajarta shi, tambayoyi su yi wa uwar garke yawa.

2. Hanyar shela da rajista

A nan ana juya tsarin: mai buƙata ya yi rajista sau ɗaya, uwar garke ta riƙa sanar da shi duk lokacin da canji ya auku. Muna iya rarrabe matakai biyu.

A 1996, takardar RFC 1996 ta kawo saƙon NOTIFY, wanda babbar uwar garke ke aika wa mataimakanta. Saƙon ba ya ɗauke da canjin kansa. Yana cewa ne kawai a zo a duba.

A 2020, RFC 8765 ta ƙara gaba. Na'ura tana buɗe hanyar sadarwa mai kariyar TLS, ta aika SUBSCRIBE a kan sunan da take so, sannan canjin kansa ya iso mata cikin saƙon PUSH. Sai dai dole uwar garke ta riƙe hanya a buɗe ga kowane mai rajista. Shi ya sa tsarin ya fi dacewa da bayanan da ke yawan canzawa, kamar jerin injinan buga takarda na wata ma'aikata.

3. Batun kalmomi

Da Faransanci ana cewa publication-abonnement. A Hausa, kalmar “shela” ita kaɗai ba ta wadatar ba, domin sankira yana yi wa duk wanda ke kasuwa magana, alhali a nan wanda ya ba da sunansa kaɗai ke samun labari. Don haka muna ba da shawarar “shela ga masu rajista”, lafazin da ya ambaci ɓangarorin biyu.