Yadda Ake Gane Tukunya Mai Daraja

 

Yau hirar tamu ta tukwanen ƙasa ce. Da yawanmu ba mu zuwa kasuwa, sai dai a aiki yaro ko dillaliya ta shigo da kaya har tsakar gida. To in an dire maki randa ko tulu, kada ki yi saurin biya. Ɗora ta a tafin hannu, ko ki jingine ta, ki ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Wadda ta gasu sosai za ki ji ta yi ƙara tas kamar ƙarfe. In kuwa kika ji ɓus-ɓus, to ko dai wuta ba ta ratsa ta ba, ko akwai tsaguwar da aka shafe da laka. Sannan ki zura hannu ciki ki shafa. Ginin gwana kaurinsa ɗaya ne tun daga gindi har wuya. Baƙin tabon da wuta ke bari a jiki ba aibu ba ne, kada wannan ya sa ki raina kaya. Randa sabuwa kuma dole ta riƙa gumi, don wannan gumin ne iska ke busarwa ruwa ya yi sanyi. Amma gumi daban, yoyo daban.

Akwai kuma wani irin gini da ya wuce na ɗebo ruwa. In da Naira ashirin a bakin zanenki, kwance ki dubi bayanta. Matar nan da ke gina tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda aka sa hotonta a 2007. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta, a nan wani Bature Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Mace ce fa, da yumɓu kawai!

Kayan wannan makaranta suna da nauyi, jikinsu na sheƙi kamar tangaran, saboda an shafa masu sinadari an gasa su da wuta mai tsanani. Shi ya sa ba su gumi, ba su sanyaya ruwa. Na Ladi za ki ga zanen ƙadangare, kunama, kifi ko hawainiya. Babbar shaida tana wajen gindi: hatimi mai sunan Abuja da rubutun ajami, da haruffan boko biyu, LK. Irin waɗannan a Ingila ana gwanjonsu dubban fam.

Saboda haka in maigida ko baba ya taɓa aiki can ya dawo da kofi ko kwano mai wannan hatimi, kada ki ba mai "a canza da roba". Kada ki goge shi da toka ko soson ƙarfe, ruwa da tsumma sun isa. In ya ɗan ɓalle a baki, bar shi haka nan, kada a liƙe da siminti. Ki sa a ɗauki hoton gindin, a nuna wa masu kula da gidan kayan tarihi na Katsina kafin a yi maganar kuɗi da kowa.