Hannun 'yan gem a kyautar Nobel

Ranar 9 ga Oktoba, 2024, aka sanar daga Stockholm cewa mutum uku ne suka ci kyautar Nobel ta ilimin sinadarai. David Baker na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka ya ɗauki rabi, Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin Google DeepMind da ke Landan suka raba ɗaya rabin. Kafafen labarai suka yi ta nanata cewa ƙirƙirarriyar basira ta ci Nobel. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai daban ne: biyu daga cikin ukun nan, ta wasan bidiyo aikinsu ya biyo. Ɗaya da ƙera gem ya fara neman abinci. Ɗayan kuma, da kwamfutocinsa suka cije, 'yan gem ya yi wa gayya.

Kafin a gane abin da suka yi, sai an san matsalar. Furotin ba a nama da wake kaɗai ya tsaya ba; shi ne ma'aikacin jiki. Shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa a cikin jini, shi ke narkar da abinci, shi ke yaƙar cuta. Kowane furotin jeri ne na ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, a shirye kamar 'ya'yan carbi a zare. Amma ba ya zama a miƙe. Da zarar jiki ya haɗa shi sai ya naɗe, ya dunƙule zuwa wata siffa tasa ta kansa, kuma siffar nan ita ce aikinsa. In ta karkace, aiki ya ɓaci.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin da wuya ka sami unguwar da ba a san ciwon sikila ba. A furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, ɗan carbi guda ɗaya tak ne ya canza, a gurbi na shida na ɗaya daga cikin jerinsa. Wannan ɗan canji shi ke sa furotin ɗin ya riƙa manne wa juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi.

Gano siffar furotin aiki ne mai cin rai. Sai an daskarar da shi, a haska masa eksire, sannan a zauna lissafin inda hasken ya watsu. Max Perutz ya shafe fiye da shekara 20 a Cambridge kafin ya ga siffar wannan furotin na jini, aka ba shi Nobel a 1962 tare da John Kendrew. Masana sun daɗe da sanin cewa jerin amino asid ɗin shi ke yanke yadda furotin zai naɗe, to me zai hana a lissafo siffar daga jerin kawai? Yawan hanyoyin naɗewar ne ya hana. A 1969 Cyrus Levinthal ya nuna cewa in za a gwada su ɗaya bayan ɗaya, shekarun duniya kaf ba za su isa ba, alhali a jiki abin kan faru kafin ƙiftawar ido.

Baker ya rubuta wata manhaja mai suna Rosetta domin wannan lissafi. Da aikin ya fi ƙarfin injinan jami'a, a 2005 ya roƙi jama'a su ara masa kwamfutocinsu na gida ta intanet a lokacin da ba sa amfani da su. Masu aron suna kallon furotin yana juyi a fuskar kwamfuta, sai wasu suka fara aiko da ƙorafi: ga inda ya kamata a lanƙwasa muna gani ƙiri-ƙiri, injin yana ta kewaye-kewaye, mu kuma ba mu da ikon taɓawa. Daga wannan ƙorafi aka haifi Foldit a 2008, tare da masana kwamfuta na jami'ar irin su Zoran Popović da Seth Cooper.

In ka buɗe Foldit, wani curarren abu mai launi-launi za ka gani, da 'yan rassa suna fitowa ta ko'ina. Ka kama wani sashe ka ja, ka murɗa wani. Inda rassa biyu suka yi karo, sai jar alama mai ƙayoyi ta fito, makinka ya faɗi. Rassa masu ruwan lemo ba sa shiri da ruwa, dole ka tura su ciki ka ɓoye. Shuɗaye kuma a waje suke son zama. Akwai maɓallin girgizawa da ke sa komai ya daidaita. A sama ga maki, a gefe ga jerin sunayen waɗanda suka fi ka. Ba a tambayar takardar shaidar karatu, kuma da yawa daga cikin gwanayen wasan ba masana kimiyya ba ne.

A 2010 mujallar Nature ta buga sakamakon farko, aka sa 'yan wasan Foldit a jerin marubuta, su fiye da 57,000. Abin da aka gano yana da ban sha'awa. Manhajar Rosetta ba ta son ganin maki ya ragu, don haka in ta sami siffa mai ɗan dama-dama sai ta lafe a nan. Ɗan Adam kuwa yakan yarda ya wargaza abin da ya gina, makinsa ya zube ƙasa, saboda ya hango wata hanya a gaba. Duk wanda ya taɓa sadaukar da ɗa ɗaya a dara don ya ci uku ya san wannan dabara.

A 2011 aka miƙa musu gagara-badau: wani furotin na ƙwayar cutar da ke haddasa wa birai ciwo mai kama da ƙanjamau, wanda masana suka yi fiye da shekara 10 suna fama da shi. Cikin mako uku 'yan wasan suka fito da siffar da ta isa masana su ƙarasa aikin. A takardar binciken, sunayen ƙungiyoyinsu biyu na gem, Contenders da Void Crushers, suna nan jere da na farfesoshi.

Shi kuwa Hassabis, haifaffen Landan ne a 1976, tun yana ɗan shekara 13 ya kai matakin gwani a wasan ces, darar Turawa. Yana da shekara 17 ya yi aiki a kamfanin Bullfrog, inda ya taimaka wajen ƙera Theme Park, gem ɗin 1994 da ake gina filin shaƙatawa a ciki. Ya karanta kwamfuta a Cambridge, ya buɗe kamfanin gem nasa, kamfanin ya rufe a 2005, ya koma makaranta ya yi digirin digirgir a kan ƙwaƙwalwa. A 2010 suka kafa DeepMind shi da Shane Legg da Mustafa Suleyman.

Da suka tashi koya wa na'ura tunani, tsofaffin wasannin Atari suka ba ta. Ba su gaya mata doka ko ɗaya ba. Hoton allo kawai take gani, sai maki. A wasan Breakout, inda ake buga ƙwallo ta fasa bulo, da farko ko tare ƙwallon ba ta iya yi. Bayan ɗaruruwan zagaye sai ga ta tana huda rami a gefen bango, tana cusa ƙwallon ta bayansa ta yi ta ɓarna ita kaɗai. A watan Maris na 2016, a birnin Seoul, manhajarsu AlphaGo ta doke gwani Lee Sedol da ci 4 da 1 a wasan Go, tsohuwar darar Sin. Hassabis ya sha faɗa cewa Foldit na cikin abubuwan da suka sa shi tunanin furotin: in na'ura ta iya kwaikwayon basirar gwanin Go, me zai hana ta kwaikwayi ta gwanin Foldit?

Ita ma kimiyyar furotin tana da gasarta, CASP, wadda ake yi duk shekara biyu tun 1994. Ana ba masu gasa jerin amino asid na furotin ɗin da aka riga aka gano siffarsa amma ba a bayyana ba, a ga wa zai fi kusa. A 2020 manhajar DeepMind mai suna AlphaFold, ƙarƙashin jagorancin Jumper, ta sami maki sama da 90 cikin 100, abin da ya yi kusa da ingancin ɗakin gwaji. Zuwa Yulin 2022 sun saki hasashen siffar furotin fiye da miliyan 200 kyauta a intanet. Masu bincike a Oxford sun yi amfani da ita wajen fahimtar wani furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ake fatan yin rigakafi da shi. Sanin siffa dai ba shi ne magani ba, tsakaninsu akwai shekarun gwaji. Kuma AlphaFold ba daga sama ta sami iliminta ba: da siffofi kusan 170,000 da mutane suka gano da guminsu a ɗakunan gwaji aka horar da ita.

Har injinan ma gadon gem ne. Katin hoto da kamfanoni irin su Nvidia suka ƙera don wasa ya yi kyau a ido, shi ne ya zama ƙashin bayan ƙirƙirarriyar basira. A 2012 ɗaliban Geoffrey Hinton a Toronto da irin wannan kati guda biyu suka horar da manhajar da ta buɗe wannan zamani, shi kuma Hinton ya sami Nobel ta fiziks kwana ɗaya kafin su Hassabis.

Kada wani yaro ya ɗauki wannan rubutu ya kai wa mahaifinsa a matsayin hujjar kwana a gidan gem. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo a jerin cututtuka, kuma jerin ya fara aiki a Janairun 2022: mutum ya kasa sarrafa kansa, wasa ya ture karatu da aiki da iyali, abin ya ɗauki kamar shekara guda. Iyayen da ke faɗa suna da gaskiyarsu.

Amma a ganina muhawarar “gem alheri ne ko sharri” ta kauce hanya. Ƙarfin gem abu biyu ne: kana iya faɗuwa sau dubu ba ka yi asarar komai ba, kuma nan take maki zai gaya maka ko ka matsa gaba. Wannan shi ya riƙe ɗan wasan Foldit har tsakar dare, shi ya koya wa na'urar DeepMind, kuma shi ɗin ne dai masu manhajojin caca ke amfani da shi su tatse aljihun matasa. Bambancin yana wurin abin da aka ɗaura makin a kai. A Foldit an ɗaura shi a kan dokokin halitta, duk wanda makinsa ya hau ya matso da mu kusa da sanin wani abu na gaskiya. A wasu wasannin an ɗaura shi a kan saurin hannu da dabara da haɗin kai, wannan ma ba laifi in an san lokacin tashi. A wasu kuma a kan kuɗin da ka zuba da sa'o'in da ka ƙona kawai aka ɗaura shi. Uba ko malamin da ya zauna minti goma kusa da yaro ya tambaye shi yadda ake samun maki a wasan da yake yi, zai gane wanne ne daga cikin ukun, kuma daga nan ne ya kamata hukuncinsa ya fito.