Kunnen Doki a Wasan Ces

Masu buga dara a gindin bishiya, ko a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, sun saba a tashi da mai ci da wanda aka ci. A wasan ces kuwa, wanda ake bugawa a allo mai gidaje 64, manyan gwanaye sukan shafe awa biyar ko shida su tashi kunnen doki, kowa ya samu rabin maki.

Dokokin hukumar ces ta duniya, FIDE, sun fayyace yadda hakan ke faruwa. Idan sarkin ɗan wasa ba ya cikin hari, amma ba shi da inda zai motsa ko da soja ɗaya, an yi canjaras. Haka ma ɗan wasa na iya neman canjaras idan tsari iri ɗaya ya maimaitu sau 3, ko kowane ɓangare ya yi motsi 50 ba a ci komai ba, ba a kuma motsa ƙaramin soja ba. Sai hanya mafi jawo gardama, wato 'yan wasan su yarda a tsakaninsu, su yi musabaha.

Canjaras ba daidai yake ga kowa ba. Kowane ƙwararre yana da makin Elo da ke nuna ƙarfinsa. Wanda ya fi abokin karawarsa da maki 200, lissafi na sa ran zai kwashi kusan kashi 76 cikin 100 na sakamakon. In suka tashi kunnen doki, makinsa zai ragu, na ƙaramin ya ƙaru.

A gasar duniya ta 2018 a Landan, Magnus Carlsen ɗan Norway yana da maki 2835, Fabiano Caruana ɗan Amurka yana da 2832. Duka wasanni 12 kunnen doki aka yi. Na farkon ya kai motsi 115, an gwabza har ƙarfi ya ƙare, kuma irin wannan canjaras abin girmamawa ne. Na ƙarshen ne ya ɓata wa mutane rai: Carlsen yana da rinjaye a allo, sai ya nemi sulhu a motsi na 31, don ya san ya fi Caruana a wasan gaggawa da za a raba gardama da shi. Lissafinsa ya yi daidai, ya ci 3 da nema ya riƙe kambunsa. Duk da haka, a ganina masu kallo sun cancanci ya buga wasan nan har ƙarshe.