Baka Shi Ke Zaɓen Kibiyarsa

A watan Yuni na 1804, a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi, wanda daga baya ya riƙe Gwandu, sun fatattaki dawakin Sarkin Gobir Yunfa alhali akasarinsu 'yan baka ne a ƙasa. Har yau ana ganin maharba da makiyaya da kwari a rataye a dazukan Gwandu da Kalgo. Abin da ke neman ɓacewa shi ne sanin cewa ba kowace kibiya ce ke dacewa da kowane baka ba. Sai ka ga saurayi ya sha wahalar sassaƙa baka, ya ɗaura tsirkiya mai kyau, sa'an nan ya tafi kasuwa ya ɗebi kibau don kawai kansu ya burge shi. Gaskiyar magana, ƙarfin bakan da tsawon jan mai shi su ya kamata su yi zaɓen.

Dalili kuwa yana cikin abin da ke faruwa a lokacin saki. Tsirkiya na ingiza kibiya daga baya, ƙarfen da ke gaba kuma yana da nauyi, don haka kyauron kan ɗan tanƙwara kafin ya miƙe ya wuce gefen bakan. In kyauron ya yi laushi ga baka mai ƙarfi, sai kibiyar ta tafi tana karkaɗa, wani lokaci ma ta tsage a hannun maharbin. In ya yi tauri ga baka mai sanyi, sai ta kauce gefe. Nauyi ma haka ne. Kibiya marar nauyi ba ta ɗauke ƙarfin da aka tara a jikin itacen, sai ragowar ya koma wa bakan, kuma abin da ke tsaga shi ke nan a hankali. Tsawo kuwa maganar tsira ce: a ja tsirkiya iyakar inda aka saba, a tabbata kan kibiyar ya zarce hannun da ke riƙe da baka da kamar yatsu biyu, domin gajeruwar kibiya kan zame ta soki mai ita.

Kibiyar ƙasar Hausa galibi ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta Turawa. Abin da ke miƙar da ita a iska nauyin kanta ne, shi ya sa aikin maƙeri yake da muhimmanci. Ɗora kibiya a kan yatsa: in ta daidaita a tsakiya ko ta rinjaya baya, za ta juya a hanya, dole ta rinjaya gaba. A murza kyauron a tafin hannu ana duban tsawonsa don a gane miƙewarsa, a ɗan lanƙwasa shi kusa da kunne a saurari ƙarar tsagewa, a kuma duba naɗin da ke wuyan ƙarfen da na bakin tsagar da tsirkiya ke shiga. Kyauron da aka yanko a fadama ɗanye, sai ya bushe sarai kafin a sa masa kai.

Wani zai ce kakanninmu ba su auna komai ba, suka kuma ci yaƙi. Sun auna, da hannu da ido, suna harbawa suna ware wadda ta ƙi, har kwarin mutum ya zama kibau masu hali ɗaya. Wani kuma zai ce ai dafi ke kisa, ko yaya kibiya ta taɓa. To dafi ba ya aiki a kan abin da aka kuskure, ga shi kuma haɗari ne ga yara a gida, mai koyo ba shi da hurumin taɓa shi. Masu ganin kibiyar kanti ta alminiyum ta fi, su sani an ƙera ta ne bisa ma'aunin ƙarfin baka, wanda bai san ƙarfin nasa ba zai sayi tsada ya kuma kuskure. Hanyar da ta fi ita ce a kai bakan wurin mai haɗa kibau, a gwada kaɗan a kan damin kara daga taku goma sha biyar, a riƙe wadda ta shiga a miƙe, a sa a yi sauran a kan tsawonta da kaurinta da nauyinta.