Ina Ake Fara Taɓawa In Ana Son Ƙara wa Injin Babur Ƙarfi?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar makanikin babur ya san irin gardamar da akan tafka a kan ƙara wa inji ƙarfi. Wannan ya ce a sake salansa, wancan ya ce a'a, kafireto ne tushen magana, wani kuma ya rantse cewa muddin ba a faɗaɗa silinda ba aikin banza ake yi. Shi kuwa mai babur yana tsaye da 'yan kuɗinsa waɗanda ba za su isa a yi duka ba. Abin da wannan maƙala take ƙoƙarin nunawa shi ne, kayan inji a ɗaure suke da juna, saboda haka wanda ya kamata a fara sakewa shi ne wanda ya tare wa sauran hanya, ko da kuwa shi ya fi araha.

Za mu ɗauki injin Honda CG125 a matsayin misali. A shekarar 1975 aka fito da shi, an kuwa tsara shi ne domin ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau, masu babura kuma ba su cika sake baƙin mai a kan kari ba. Daga baya kamfanonin ƙasar Sin suka kwaikwaye shi, shi ya sa da wuya a sami makaniki a garuruwanmu wanda bai san cikinsa ba.

Aikin wannan inji hawa huɗu ne. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta su kama su tunkuɗa shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ƙarfin injin ya dogara ne ga yawan abin da ya iya zuƙowa ya ƙone. Fetur kuwa ba ya ƙonewa sarai sai ya sami iskar da ta ninka nauyinsa wajen sau 14.7. Watau dai iska ita ce babbar cimar inji.

To, kafin a sayi kome, wajibi ne a tabbatar injin yana ba da ƙarfinsa na asali. Sau da yawa babur ɗin da ake cewa ba shi da ƙarfi ciwo ne da shi: zoben fistin ya cinye, ko bawul ba ya rufewa sosai, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko kuloci yana sulɓewa. Ɗora sabon kaya a kan irin wannan inji tamkar zuba ruwa ne a randar da ta tsage.

In lafiya ta samu, sai a dubi hanyar numfashi, wato matatar iska da kafireto da salansa. A nan ne aka fi yin ɓarna, don haka za mu ɗan daɗe. Samari da yawa sukan fasa cikin salansa ko su cire matatar iska ɗungum, su ji ƙara ta cika unguwa, su ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. Gaskiya ne iska takan ƙara shiga, to amma ɗan ramin da fetur ke bi a cikin kafireto, wanda makanikai ke kira jet, yana nan yadda yake. Sai iska ta yi wa fetur yawa, injin ya riƙa ɗaukar zafi fiye da kima, har bawul ya ƙone ko kan fistin ya huje. Wannan inji ba shi da ruwan sanyaya shi, iskar tafiya kaɗai ya dogara da ita, ga shi kuma zafin bazara a nan ba wasa ba ne. Saboda haka duk wanda ya buɗe hanyar iska dole ne ya sake jet. Filogi ne shaida: in aka ciro shi aka ga bakinsa ruwan ƙasa, haɗin ya yi daidai, in fari ne fat, fetur ya yi kaɗan, in baƙi ne da kunkunniya, ya yi yawa. Cire matata kuwa, a ganina, ba shi da wata hujja ko kaɗan, domin ƙurar da za ta shiga gogar silinda za ta yi ta yi kamar sanfefa.

Faɗaɗa silinda shi ne gyaran da mai babur yake jin bambancinsa a jikinsa. Faɗin ramin silindar CG125 milimita 56.5 ne, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa kuma milimita 49.5, abin da ya ba da cc 124. In aka sa silinda mai faɗin milimita 62 da fistin nata, cikin ya koma cc 149, ƙarin kashi ɗaya bisa biyar ke nan. Amma fa babban ciki babban baki yake so. In aka bar tsohon kafireto yadda yake, ƙarin zai tsaya a rabin hanya. Haka kuma kuloci da sandar da ke riƙe da fistin za su ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba, fetur kuma zai ƙara tafiya. Wasu sukan kankare kan silinda don matsi ya ƙaru. Wannan yana bukatar fetur mai kyau, in ba haka ba injin ya riƙa ƙwanƙwasa har ya lalace.

Akwai kuma tambayar da ta kamata a yi wa mai babur tun da fari: wane irin ƙarfi yake nema? Mai ɗaukar buhun hatsi daga ƙauye zuwa kasuwa ja yake bukata, mai bin kwalta kuwa gudu. Sau da yawa bukatar na farkon takan biya ba tare da an kwance inji ba. Faranti mai haƙora da sarƙa ke hawa a ƙafar baya, in aka sake shi daga mai haƙora 38, alal misali, zuwa mai 42, ja zai ƙaru da kimanin kashi ɗaya bisa goma, iyakar gudu kuma ya ragu. Ba a ƙara wa injin kome ba, an dai musanya gudu da ja.

Wanda ya zaɓi gudu kuwa, sai ya ware wa birki da taya kasonsu tun kafin ya biya kuɗin silinda. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin babur ya tsaya yakan ninka wajen huɗu, birkin da irin waɗannan babura suka zo da shi kuwa an auna shi ne da ƙarfin injin na asali.